Malam Garba da raka'a ta biyar

Shekara biyar ke nan da rasuwar mai gidana, Malam Garba, wanda 'yan kasuwar Sandaga suka sani da Garba Mai Dankali, a layinmu na unguwar New Bell a Duwala kuma aka fi saninsa da Na'ibi. Shekara ashirin da uku muka yi tare. Duk lokacin da watan ya zagayo nakan ɗauki biro in ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in rasa ta inda zan kama. Bana autata ta ce mini, Mama, ki rubuta abin da kike ba mu labari muna dariya, ai shi ne Baba. To, shi zan rubuta, ko Allah zai sa wani mai irin halinsa ya karanta ya samu sauƙi.

Malam mutum ne da ba ka gajiya da zama da shi. Ya san sunan kowa a layi, da sunan 'ya'yan kowa, da wanda ba shi da lafiya a gidan wa. Karatu kuwa yana kansa kamar ruwa. Amma ka tambaye shi ina makullin babur, sai a tashi gidan gaba ɗaya. Sau da yawa ya dawo daga masallaci da takalmin wani. Ya taɓa kai ni kasuwa a kan babur, ya ce in jira shi a bakin rumfar mai kifi, ya haɗu da wani tsohon abokinsa, suka yi ta hira har gida, sai da ya tambayi yara ina uwarsu sannan ya tuna inda ya ajiye ni. Na hau bensikin, wato acaba, na dawo ina huci, na tarar da shi a ƙofar gida yana dariya yana ba ni haƙuri a lokaci ɗaya. Mun ɗauki abin a matsayin halinsa. Kowa ai da nasa.

Abin da ban gane ba sai daga baya shi ne, akwai wanda yake riƙe masa rana. A Sandaga shekara da shekaru yana aiki da wani dattijo daga wajen Bamenda, Pa Nji. Shi ne mai sanin yaushe mota za ta taso da dankali, yaushe za ta iso, wa za a kira, me za a fara. Malam kuwa nasa baki ne. Shi ke tarbar masu saye, ya yi da wannan da Hausa, wancan da Fulatanci, ya juya Faransanci, ya kwaɓa Pijin, kafin ka ankara buhunan sun tashi. Da rikicin yankin Bamenda ya yi tsanani, hanya ta lalace, motoci suka daina zuwa a kan lokaci, wani makon ma ba sa zuwa. Pa Nji ya koma ya kwaso iyalinsa ya kai su wani gari, bai dawo kasuwa ba. Malam ya juya kan albasar Marwa shi kaɗai, kuma a nan komai ya warware. Mota ta iso yana wani gefen gari. Ya yi wa mutum biyu alkawarin kaya ɗaya. Ya fita da safe da abu biyar a ransa ya dawo ya taɓa kowanne bai gama ko ɗaya ba.

Wannan duk da sauƙi. Abin da ya karya shi a masallaci ya faru. Shi ke jan salla idan liman ba ya nan, kuma a wata ɗaya sau uku ya miƙe zuwa raka'a ta biyar a La'asar, sahu na bayansa suna ta subhanallahi. Dama ya saba da ƙabli da ba'adi fiye da kowa, har abokansa na tsokanarsa, amma wannan karon dattawa suka yi magana. Liman, mutum mai kirki, ya ja shi gefe ya ce ya ɗan huta tukuna. Daga ranar Malam ya koma sahun ƙarshe, kusa da takalma. Dariyarsa ta ragu. Wata rana da hantsi ina tankaɗe ya zauna a bakin ƙofar kicin ya ce, "Kulu, mutumin da zai tsaya gaban Ubangijinsa hankalinsa yana kan motar albasa, mene ne sunansa in ba munafiki ba?"

Na ce masa ya daina faɗin haka. Bai daina ba. Ya sha rubutu, an yi masa addu'o'i, ya ƙara azumi da nafila, kuma a nafilar ma yana ɓacewa, sai ya ƙara tabbatar wa kansa cewa zuciyarsa ce ta mutu. Ni kasuwa ba ta dame ni ba kamar wannan. Ina tsoron ya koma ga Allah yana ganin kansa a haka.

Na lallaɓa shi muka je wurin likita, don ina tsoron ko mantuwar alamar wani ciwon kai ce. Likita ya duba ya ce bai ga abin tsoro ba, amma ya rubuta mana takarda zuwa wurin wata mata a unguwar Akwa, masaniyar halayyar mutum, sikolog kamar yadda ake ce musu a nan. Malam ya ce shi ba mahaukaci ba ne. Na ce nima ban auri mahaukaci ba, amma taksi ɗaya ce za ta kai mu, in ba ta yi mana ba mu dawo. Ya yarda saboda ya ɗauka minti goma ne a ba shi ƙwaya.

Zama shida muka yi, cikin kusan wata biyu. Madam, haka muke kiranta, mace ce siririya mai tabarau, ba Musulma ba, ba ta jin Hausa, amma ban taɓa ganin mai haƙurin sauraro irinta ba. Tun ranar farko ta gaya masa ba za ta faɗi komai ba sai ta gama, domin abubuwa da yawa suna kama da juna. Rashin barci yana kawo mantuwa, baƙin ciki yana kawowa, ciwon maƙoshi da na suga suna kawowa, har kunnen da ba ya ji sosai. Ta tura shi gwajin jini. Ta tambaye ni ko yana minshari har numfashinsa ya tsaya. Ta tambaye shi goro nawa yake ci, kofi nawa yake sha, ko yana shan wasu ƙwayoyi na ƙarin ƙarfi. A nan ya ɓata rai, ta ce kowa take tambaya, har fastoci. Wata rana ta zaunar da shi gaban kwamfuta, ya danna idan wata alama ta fito, ya ƙyale idan wata ce. Ya fito yana cewa ya sha wahala a duniya amma bai taɓa shan irin ta minti ashirin ɗin nan ba.

A zama na uku ne na yi nawa kuskuren. Ta ba mu takarda iri ɗaya, shi tasa ni tawa, tambayoyi a kan halinsa. Yana ɓatar da abubuwa? Yana katse mutane cikin magana? Yana fara aiki ya bari? Na yi lise, wato sakandare, Faransancin bai gagare ni ba. Abin da ya gagare ni shi ne in zauna in rubuta wa baƙuwa aibin mijina da hannuna. Haka aka tarbiyyantar da mu, abin da ke cikin ɗaki ya tsaya cikin ɗaki. Sai na bi layi ɗaya tun daga sama har ƙasa ina sa alama a kan "bai taɓa ba". Shi kuwa bawan Allah, da yake neman laifin kansa yake, ya sa "kullum" a kan komai.

Madam ta jera takardun biyu a kan tebur ta daɗe tana kallo. Ta cire tabarau ta tambaye mu ko mun tabbata gida ɗaya muke zaune. Malam ya karɓi tawa ya karanta, ya yi dariyar da rabona da jin irinta tun kafin maganar masallaci. Ya ce, "Kulu, ni ne ban taɓa ɓatar da komai ba? Ke kanki na taɓa ɓatar da ke a kasuwa. Na yafe miki duniya da lahira, faɗi gaskiya." Da ya ba ni izini na karɓi sabuwar takarda. Gaskiyar ta faɗo tsakanin tawa ta farko da tasa, domin akwai abubuwan da ya ɗora wa kansa waɗanda ba ya yi. Madam ta ce saboda haka ne ba ta tsayawa a kan bakin mutum ɗaya.

Saura abu ɗaya, kuma ta ce shi ne babba. Abin da take zato ba ya farawa da girma. In shi ne, to tun yana yaro yana tare da shi, kuma dole ta ji daga wanda ya san shi tun kafin ya kai shekara goma sha biyu. Goggonsa da ta riƙe shi wani lokaci ta rasu. Wadda ta rage ita ce mahaifiyarsa, Iya, da take zaune tare da mu tun da ta baro Garwa. Muka sa ta a taksi muka kai ta Akwa, ni ce tafinta. Madam ta gaishe ta da girmamawa, sannan ta ce ta ba ta labarin ɗanta Garba yana ƙarami. Iya ta ja mayafi, ta dubi ƙasa, ta ce ita ba ta san komai ba. Aka sake tambaya ta wata hanya. Ta ce yara da yawa ne a gidan, ba ta lura ba. Malam yana gefe yana kallon silin. Ko sau ɗaya ba ta dubi inda yake ba.

Na ga Madam tana rubutu da sauri. Da muka tashi ta tsayar da ni a baya, ta rage murya ta tambaye ni ko akwai wani abu tsakanin uwar da ɗan, ko an yar da shi ne yana ƙarami. Ta ce wannan zai canza yadda za ta fahimci komai, domin yaron da ya taso babu kulawar uwa yakan nuna alamu masu kama da waɗannan. Sai da na toshe baki don kada in yi dariya. Na ce mata, Madam, ɗan fari ne. Na yi mata bayani cewa a wurin iyayenmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa, ba ta zancensa a gaban mutane, balle yana zaune. Kunya ce, kuma matar nan in ya yi tari a ɗaki ita ke fara ji. Madam ta ɗauki biro ta soke layi uku a gabana. Ta ce da ba ta tambaya ba da ta yi wa mutum biyu ƙarya a takarda ɗaya. Sannan ta ce in koya mata yadda ake yi.

Na ce ta zo gida, Malam ya fita, kada ta ambaci sunansa, kada ta ce "ɗanki". Ta zo ranar Asabar da safe, ana ruwan nan na Duwala da ba ya sallama. Layinmu ya cika, ta shigo da takalmanta a hannu. Iya na zaune a baranda tana tsintar wake. Aka sha shayi, aka yi zancen ruwa, sannan Madam ta tambaya, ni ina juyawa, ko a gidansu na Garwa an yi yara masu wahalar riƙo.

Iya ta ci gaba da tsintar wakenta, ta ce an yi wani yaro. Daga nan ba ta tsaya ba sai da ta yi kusan awa ɗaya. Yaron nan, in an aike shi sayen gishiri da safe sai azahar ya dawo, babu gishiri, amma ya rako wata tsohuwa da ya ɗaukar wa kaya har ƙetaren gari. A makarantar allo in ana biyawa da murya ya riga kowa haddacewa, in aka ce a zauna a rubuta sai a ga allon a ƙasa shi yana kan bishiya. Ya sha duka a wurin malam, ya sha a wurin ubansa. Ta ce uwar yaron ba ta da bakin hanawa, sai dai ta zagaya bayan madafa har a gama. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da wata tsohuwar leda daga ƙasan adakarta. Takardun sakamakonsa ne na firamare, duka, ba ɗaya da ya ɓace. Iya ba ta karanta boko ko harafi ɗaya ba, amma shekara arba'in tana ɗauke da su daga gari zuwa gari. Madam ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Malamai daban-daban, magana ɗaya: yaro mai kaifin kai, ba ya zama, hankalinsa yana wani wuri.

Abin da ban sani ba, Malam ya manta wayarsa ya dawo ɗauka, yana tsaye a soro tun tsakiyar labarin. Ni ban ji shigowarsa ba. Iya ta ji. Ta ɗan ɗaga murya, idonta a kan faranti, ta ce, "Na ji wai wani yana cewa shi munafiki ne. Yaron nan ko nono yake sha, kaza ta wuce sai ya saki ya bi ta da ido. A lokacin wa ya koya masa munafunci?"

Ban juya wa Madam wannan ba nan take. Muka ji ƙofar soro ta rufe a hankali. Ya tafi kasuwa, wayar ma bai ɗauka ba.

A zama na ƙarshe Madam ta ba shi rahoto mai shafuka da yawa, ta bi shi da shi layi-layi. Ta ce jininsa lafiya, barcinsa lafiya, baƙin cikin da yake ciki kuma ya biyo bayan matsalar ne, ba shi ya haife ta ba. Sunan abin a takarda haruffa huɗu ne, TDAH, wato hankalin da ke wahalar tsayawa wuri ɗaya, kuma haka aka halicci wasu. Ba hauka ba ne, ba lalaci ba ne. Maganar imani kuwa ta ce ba fanninta ba ce, ya kai wa limaminsa. Amma ta yi masa tambaya ɗaya: a cikin sallolin nan biyar, a wacce ya fi ɓacewa? Ya yi lissafi da yatsu. Azahar da La'asar, waɗanda ake karatunsu a ɓoye. A Asuba, da ake karatu a bayyane raka'a biyu, bai tuna ranar da ya taɓa kuskure ba. Muryarsa ce ke riƙe shi.

Ya ɗauki rahoton ya kai wa liman, ya fassara masa. Liman ya saurara har ƙarshe, ya ce dama addini ya san ɗan Adam da mantuwa, shi ya sa aka tanadi gyara, kuma munafiki ba ya kuka don sallarsa ta ɓaci. Ya ba shi Asuba. Daga ranar har ya kwanta ciwo, ko liman yana nan ko ba ya nan, Malam ke jan ta. Magani ma an rubuta masa a wurin likita, sai dai ba kullum ake samunsa a gari ba. Abin da ya fi yi masa aiki ƙananan dabaru ne. Ƙusa ɗaya a bakin ƙofa don makulli. Waya mai ƙara tana tuna masa mota. Ya haɗa rumfa da wani Babarbare mai son tsari da ƙin surutu, kowa ya samu abin da ya rasa. Bai daina mantuwa ba, kada wani ya ce na faɗa. Takalman mutane sun ci gaba da kwana a gidanmu.

Yanzu idan na ga yara da waya suna kallon bidiyon minti ɗaya, wani yana lissafa alamu biyar, su ce ai ni ma ina da shi, sai in tuna da Malam. Na san da zai ji daɗi an daina ɓoye maganar, domin shi bai ɓoye tasa ba, har a rumfa yake ba da labari. Amma na san abin da zai ce musu. Zai ce shi sai da aka ɗebi jininsa, aka titsiye matarsa, aka jiƙa wata baiwar Allah da ruwan New Bell, aka sa tsohuwa ta buɗe adaka, sannan aka ba abin suna. Mutum uku daga layinmu sun bi hanyar da ya bi. Ɗaya ya dawo da amsa irin tasa. Ɗaya aka ce barci ne ba ya samu. Ta ukun, wata maƙwabciyata da ta gudo daga rikici da 'ya'yanta, aka ce abin da ta gani a hanya ne bai sake ta ba, kuma aka taimake ta a kan wannan. Da kowa ya tsaya a kan bidiyo, da biyu sun sha maganin ciwon da ba nasu ba.

Shekara biyu kawai ya yi bayan rahoton. Wani zai ce me aka samu, an sha wahalar zama shida don shekara biyu. Ni da na zauna da shi na san me aka samu. Bai bar mana dukiya mai yawa ba, gyare-gyaren da ya fara a gidan nan har yau wasu suna nan rabi. Amma na ga mutum ya daina jin tsoron tsayuwa gaban Ubangijinsa, kuma ban san abin da za a auna da wannan ba.

Ciwonsa bai yi tsawo ba, kwana tara ne a asibiti. Ranar da ta zama ta ƙarshe da ya yi salla da hankalinsa, La'asar ce. Yana kwance yana yi da ishara, ya ce in zauna inda zai gan ni in riƙa ɗaga masa yatsu. Na ɗaga ɗaya, na ɗaga biyu. A ta uku wani ya wuce da keken marasa lafiya mai ƙara, na ga idonsa ya bi shi har ƙofa. Ya dawo da idon kaina, na nuna masa uku, ya gyaɗa kai ya ƙarasa. Da ya yi sallama ya yi murmushi ya ce, "Kin gani ko, Kulu? Na tafi na dawo. Shi ya halicci kan nan, ya san abin da ke ciki."

Allah ya jiƙan Malam Garba, ya karɓi sallolinsa da gyaransu, ya sa ya huta. Wanda ya karanta wannan, ina roƙonsa ya sa shi a addu'a.